Ƙafar Baba da Birkin Tsohuwa

Ban jin akwai wanda ya yi shekara ashirin a Wuro Hausa da zai ce bai san akori-kurar gidanmu ba. Farar Peugeot 404 ce, ko Fijo kamar yadda bakinmu ya saba, mai koren tamfol a baya, wadda yaran unguwa suka laƙaba wa suna Tsohuwa. Wasunku a bayanta aka kai gadon aurensu da kwanuka. Wasu ita ta ɗauki makarar iyayensu zuwa maƙabarta. Da yawa kuma sun tura ta da asuba lokacin sanyi, suna dariya suna tsine wa batir. Shi ya sa da ta ɓace daga ƙofar gida har mako biyar bara bayan kaka, tambaya ta yi yawa a masallaci da teburin mai shayi: an sayar ne? To, ba a sayar ba. Birki muka je gyarawa, gyaran kuma ya zo da labarin da nake ganin ya kamata in ba ku, musamman masu tsofaffin motoci irin tamu, da waɗanda 'ya'yansu suka fara karɓar makulli.

Baba, Allah ya jiƙansa, ya saye ta zamanin mulkin Shagari, lokacin nan jihar Gongola muke. Kamfanin Peugeot ya fara fitar da 404 a Faransa a 1960, a 1975 kuma aka buɗe masana'antar harhaɗa motocinsa a Kaduna, don haka Fijo ta zama 'yar gida a Arewa, babu bakaniken da bai san cikinta ba. Da ita Baba ya yi fataucinsa: doya daga Ganye, hatsi daga Mubi da Gombi, wani lokaci awaki daga Ngurore. Da aka raba Gongola a 1991 aka ce mun koma Adamawa, ya daɗe yana yawo da tsohuwar lambarsa, sai da ta zama dole ya cire. Giyarta a jikin sitiyari take, kujerarta guda ce doguwa, injinta na fetur ne mai lita 1.6. Birkinta kuwa dram ne a duk ƙafa huɗu, da masta guda mai layi ɗaya, babu wani abu a tsakani da ke taimakon direba. Duk ƙarfin da zai tsayar da motar da kayanta daga cinyar mai tuƙi yake fitowa.

Baba ƙaƙƙarfan mutum ne. Yana saurayi ya yi dako a bakin kogi a Jimeta, zamanin da jiragen ruwa ke hawowa Binuwai da damina su kwashi gyaɗa da auduga, kuma ƙwaurinsa har ya manyanta kamar taɓarya yake. In ya taka birki, kujerar ma sai ta yi ƙara. Ba mu taɓa jin ya ce birkin na da nauyi ba, mu da muka koyi tuƙi a hannunsa sai muka ɗauka haka birki yake a ko'ina. Dokokinsa uku ne. Ka hangi nesa, ka fara tsayawa tun dalilin tsayawar bai iso ba. Ka rage gudu da giya, birki na ƙarasawa ne. In kuma ka zo gangare hanya babu kowa, ka zare giya ka kashe inji, ka bari ƙasa ta ja ka kyauta. Wannan na ukun shi direbobi ke kira sakin furi. Ku riƙe shi a rai, zan dawo kansa.

Ni ban gaji jikin Baba ba. Koyarwa na yi har na ajiye aiki, alli ne kayan da na fi ɗauka, ga shi shekara uku ke nan gwiwata ta dama tana damuna, har wasu sallolin a kan kujera nake yi. Amma ban taɓa haɗa ciwon gwiwar da maganar mota ba, sai ranar wata Alhamis da na taso daga gonarmu ta wajen Girei da buhun masara goma sha biyu. An yi motar ne don kayan da bai wuce kamar tan guda ba, buhu goma ke nan, amma wa zai bar buhu biyu a gona ya sake ƙona mai ya dawo? Na ɗora duka.

Bayan la'asar na iso Hayin Gada. Kun san yadda wurin yake a wannan lokaci: Keke Napep kamar tururuwa, masu lemo da rake a gefen titi, yara an taso daga Islamiyya. Keken da ke gabana ya ci birki ba sigina, wata yarinya da ba za ta wuce shekara bakwai ba, mai shuɗin hijabi, ta sauko ta ɓangaren titi. Na taka birki. Mota ta rage kaɗan ta ci gaba da tafiya. Na sake takawa da duk abin da Allah ya ba ni, sai gwiwar ta yi wani irin suka har tsakar kaina, ƙafar ta saki da kanta. Na fizgi birkin hannu, na karya sitiyari dama, na kwashi teburin mai lemo. Da Tsohuwa ta tsaya, silifas ɗin yarinyar ɗaya yana ƙarƙashin tayar gaba, ita kuma tana tsaye da ƙafa ɗaya ba takalmi, tazarar da ke tsakaninta da ƙarfen motar ba ta kai kamu ɗaya ba.

Ba ta yi kuka ba. Ta dube ni ta gilashi ta ce, "Baba, takalmina." Aka tura motar baya aka zaro shi, igiyarsa ta tsinke. Kafin in gama salati in fito, wata mata ta ja hannunta sun shige cikin jama'a. Na biya mai lemo, na sha faɗa daga matasa, wani yana cewa, "Baba, ka kai gwangwanin nan wurin 'yan jari bola mana!" Ban iya komawa kan sitiyari ba. Maƙwabcinmu direba na kira a waya, ya zo ya ƙarasa da ita gida.

Da Baba ya rasu, mu magada mun yarda a bar motar ba a raba ba, abin da ta samo a riƙa yi wa Inna hidima. Don haka maganarta ba tawa ce ni kaɗai ba. Daren Juma'a muka zauna a ɗakin Inna. Yaya ya ce shi abu biyu ya sani: ko a bar motar yadda Baba ya bar ta, ko a sayar a sayi keke a ba yara su riƙa kawo balas. Na ce akwai na uku, a kai wa Kawu ya duba ko za a iya sa mata busta. Yaya ya yi tsaki. "Malam, motar Baba ce za ka mayar ɗakin gwajin kimiyya? Shekara nawa tana tsayawa lafiya? Ƙafarka ce ta mutu, ba birki ba." Abin ya yi mini zafi, don rabin maganar gaskiya ce.

Kawu ba mu haɗa jini da shi ba. Bakanike ne dattijo a wajen Jambutu, tun yana yaron gareji yake kwance a ƙarƙashin motar nan. Da ya cire dram huɗun, sai ya kira ni in gani da idona. Lainin ƙafar baya ɗaya ya jiƙe sharkaf da man birki, robar silindar ta tsage tana yoyo. Na gaba sun yi santsi suna ƙyalli kamar tangaran. Man da ya zuƙo daga masta baƙi ƙirin ne, yana kumfa. Ya shinshina ya dube ni. Dole na faɗi gaskiya: shekara biyu da suka wuce man ya ƙare mini a hanyar Ganye, wani yaro a bakin hanya ya haɗa mini ruwan omo ya zuba, na ce in na iso gida zan wanke, na iso na manta, na ci gaba da ƙara mai a kai.

"Malam," in ji Kawu, "busta ƙafa yake ƙara wa mutum, ba ya gyara birkin da ya lalace. In na ɗora maka shi a kan wannan ƙazanta, na ba mahaukaci sanda ne. Sai mun gyara ƙasa tukuna." Haka aka yi. Sabon laini, sababbin robobi, aka kai dram biyu wurin mai injin gyaran ƙarfe ya share su, aka canza tiyon roba na ƙafafu da suka kumbura. Ya nuna mini tsatsar da ruwan nan ya yi a cikin silinda. Ruwa a digiri 100 yake tafasa, man birki mai kyau kuwa, irin DOT 3 ko DOT 4, sai ya haura digiri 200. In dram ya yi zafi a doguwar gangare ruwan ya zama tururi, ka taka feda ta tafi ƙasa ba komai. Shi kansa man mai kyau yana tsotsar laima daga iska a hankali, shi ya sa ake so a zubar a sake duk bayan kamar shekara biyu. Namu na Tsohuwa ban san rabon da a zubar da shi gaba ɗaya ba.

Yanzu bari in yi bayanin bustan, don na ga ko direbobi da yawa ba su san abin da baƙar tukunyar nan da ke bayan masta take yi ba. Cikinta akwai faffaɗar roba kamar fatar ganga, ta raba ta ɗaki biyu. Injin fetur in yana aiki kullum zuƙar iska yake yi ta manifol, sai a jawo tiyo daga nan zuwa tukunyar, inji ya tsotse iskar ɗakunan biyu. Kana taka feda, wani ɗan bawul ya buɗe, iskar waje ta shiga ɗakin baya kaɗai. Gaba babu iska, baya akwai, sai iskar ta tura robar gaba, robar ta tura sandar da ke danna masta. Ƙafarka umarni take bayarwa, iska ke yin dakon. Injin dizal ba ya irin wannan zuƙa, shi famfo na musamman ake sa masa, masu Hilux na dizal sun san shi.

Da Yaya ya ce shi bai ga yadda iska za ta tsayar da buhu goma ba, halin koyarwa ya motsa, na ɗauki alli na yi masa lissafi a bangon zaure. Iskar da muke shaƙa tana danna kowane murabba'in santimita da nauyin kusan kilo ɗaya. Inji ba ya iya tsotse duka, a ce ya kwashe kashi shida cikin goma. Roba mai faɗin santimita 18 tana da fili kusan murabba'i 250. In ka ninka, za ka samu wajen kilo 150, nauyin buhun siminti uku, suna taya ƙafarka dannawa. Na ƙara masa da cewa in gudu ya ninku biyu, tazarar tsayawa ninkuwa huɗu take yi, kuma titunan da Baba ya sani ba su ne na yau ba: tun da aka hana acaɓa a cikin gari keke ya cika ko'ina, ga gadojin sama a Jimeta, ka hau ka gangaro ka tarar da cunkoso a ƙasa.

Yaya ya kalli bangon ya ce, "Baba bai yi lissafi ba, kuma ko akuya bai taɓa kaɗewa ba."

Daga cikin gida muka ji muryar Inna, ashe tana jinmu. "Ya kaɗe mana. Biyu ma. Ɗaya da kuɗin ƙuli-ƙulina aka biya." Ta fito ta tsaya a bakin ƙofa. Ba ta kama sunan Yaya, ɗan fari ne, sai ta dubi gefe ta ce, "A gaya wa wancan, motar nan ban da bodi da sitiyari babu abin da ubanku bai canza ba. Shi ya ƙara mata sifirin, shi ya cire dainamo ya sa na zamani. Kuma kun ce ido ne ya hana shi tuƙi a ƙarshe? Haka ya gaya muku. Ni ya gaya mini gaskiya. Ya dawo daga Fufore ran nan ya zauna a bakin gado, ya ce ƙafarsa ta daina tsayar da ita, yana tsoron ya ɗauki ran ɗan wani. Washegari ya ba ku makulli." Zauren ya yi tsit. Shekara goma sha ɗaya da rasuwar Baba, ba mu taɓa jin wannan ba. Yaya ya sunkuyar da kai, can ya ce, "Nawa ne kuɗin tukunyar?"

Samun ta ma aiki ne. Kawu ya ce ta Fijo 504 za mu nema, ƙarama mai roba ɗaya, tare da mastarta mai layi biyu. Na ce me ya sa ba babba ba, tunda ƙarfi muke nema? Ya ce dram ba kamar faifai ba ne, shi da kansa yake cafkewa, in ka ba shi ƙarfin da ya wuce kima taya za ta riƙa kullewa, motar ta juya da kai. Maganar layi biyu kuwa ita ta fi kwanta mini. Tsohuwar masta layi ɗaya ke ciyar da ƙafa huɗu, ko'ina ya fashe birki ya tafi gaba ɗaya. Mai layi biyu ta raba gaba daban baya daban, ɗaya ya fashe ɗaya na nan. Tun ƙarshen shekarun 1960 Amurka ta wajabta irin wannan a sababbin motoci, mu muna nan muna yawo da 'ya'yan mutane a kan layi guda.

Muka aika Kano, kasuwar Ƙofar Ruwa, aka saka mana a mota muka karɓa a tashar Jambutu. Ta zo tana ƙyalli, baƙin fenti sabo ful. Kawu bai ko kwance ƙusa ba, ya jona ta da tiyon wata mota da ke aiki a garejin, ya kara kunne. Sai ga sauti, sssss, kamar maciji. Robar ciki ta yage, fenti kawai aka shafa mata. Muka mayar, aka yi ta ja-in-ja a waya mako guda, sannan aka aiko wata, 'yar Beljiyam, duk ƙura da tsatsa a baya amma cikinta lafiya lau. Wannan ta riƙe iskarta ko bayan an kashe injin. Wanda duk zai sayi busta, don Allah kada ya biya sai an yi masa wannan gwajin a gabansa.

Ɗaurawar ta ci kwana huɗu. Wurin da tsohuwar masta take bai dace da ƙusoshin sabuwar ba, sai da mai walda ya yanko farantin ƙarfe mai kauri aka ƙarfafa bangon da ke tsakanin inji da direba, don in bangon na lanƙwasa, ƙarfin takunka a nan zai ƙare. Aka ja sababbin bututun ƙarfe. Yaron gareji ya kawo tiyon ruwa zai jona da manifol, Kawu ya ƙwace ya jefar, ya ce wannan in ya ji zafi da zuƙa manne wa zai yi ya toshe, sai mai kauri da aka yi don aikin. A bakin tukunyar kuma akwai ɗan bawul mai barin iska ta fita ba ta dawo ba, shi ke sa tukunyar ta riƙe ajiya. In aka juya shi baibai, babu busta.

Ranar fitar da iska daga layi na zo da babban ɗana, wanda ya fara koyon tuƙi. Kawu ya zaunar da shi a kan sitiyari, shi ya kwanta a ƙasa da sifana da kwalba, ya fara daga ƙafar da ta fi nisa da masta. "Buga! Buga! Buga! Riƙe!" Yaron ya riƙe, Kawu ya sassauta ƙusa, mai ya fito da kumfa, ya ɗaure. Ni aikina in tsaya da gwangwanin mai ina ƙarawa kada masta ta bushe. Ina tsaye ina jin wannan kira, sai na tuna ni ne a kujerar nan ina ɗan shekara goma sha biyu, ƙafata da ƙyar take kaiwa, Baba na tsaye inda nake.

Gwajin farko bai yi daɗi ba. Muka hau hanyar Numan, ba mu yi nisa ba mota ta fara nauyi kamar ana jan ta ta baya, sai ga warin ƙuna. Kawu ya tofa yawu a dram, ya yi cuu. Bai yi gardama ba, ya ce laifinsa ne: sandar da ke tsakanin busta da masta ta ɗan yi tsawo, tana danne da masta ko ba a taka ba, mai ba ya samun hanyar komawa, zafi na ƙaruwa birki na ƙara kamawa. Muka jira ya huce, ya kwance a nan bakin titi ya rage ta. Ya ce tazarar da ake bari ba ta wuce kaurin takarda ba. Ta yi yawa feda ta yi nisa, babu ita kuma birki ya riƙe. Bayan nan muka shiga wata jar hanya ba kowa, ya ce in taka. Na taka irin takun da na saba shekara talatin. Tayoyin baya suka kulle, gindin motar ya wulwula, goshin Kawu ya gaisa da gilashi. Ya shafa wurin ya ce, "To, Malam, ƙarfe ya gyaru. Saura kai." Na yi dariya. Ban san maganar ta fi haka nisa ba.

Wata guda bayan nan muka tafi Song ni da yaron, ɗauko wake. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, kowa ya san yadda direba ke kallon allurar tanki. A hanyar dawowa muka zo wata doguwar gangare, hanya fayau. Wallahi ban yi shawara da kaina ba. Hannuna ne kawai ya zare giya ya murɗa makulli, kamar yadda ya yi sau dubu tun ina saurayi. Inji ya yi shiru, iska na kaɗawa, har ina jin daɗi. Na taɓa birki sau ɗaya, lafiya. Na sake taɓawa a wata 'yar kwana, lafiya. Can ƙasa sai ga garken shanu sun fara tsallaka titi. Na taka na uku, feda ta zama dutse.

Abin da ya faru shi ne, ajiyar da ke cikin tukunyar ta taku biyu ce zuwa uku. Inji ya mutu, babu mai sake tsotsewa. Kuma birkin da aka yi don busta, in bustan ya tafi, ya fi tsohon nauyi nesa ba kusa ba. Birkin na nan, amma sai ƙafa irin ta Baba yana saurayi, ni kuwa ga gwiwar da nake da ita. Yaron ne ya yi ihu, "Baba, kunna! Kunna ta!" Na murɗa makulli, Allah ya taimaka ta kama bugu ɗaya, na ji feda ta yi laushi a ƙarƙashin ƙafata, na jefa giya ta uku, na taka. Muka tsaya, ɗan Fulanin da ke kiwon yana kallonmu da sanda a kafaɗa, bai ma san abin da ya wuce ba.

Na gangara gefe na kashe mota, hannuna na rawa. Yaron ya ce, "Ai Kawu ya faɗa ranar da muke fitar da iska. Ya ce kada a kuskura a kashe ta a gangare." Ya faɗa kuwa. Ni ina can ina tuna Baba, ban ji ba. Yaron da bai taɓa koyon sakin furi ba shi ya ji, ya riƙe. Daga wurin shi ya tuƙo mu har gida, a hankali, da giya, ni ina gefe.

Na daɗe ina juya abin a raina. Dokokin Baba biyu na farko suna nan daram, su nake koya wa yaron kullum: hangen nesa, da rage gudu da giya. Ta ukun ko a zamaninsa ganganci ce, don mota ba giya a gangare duk nauyinta a kan dram yake sauka, sai dai shi Allah ya rufa masa asiri, ga ƙafa, ga hanya ba cunkoso. A motar da ke da busta kuwa, wadda ita ce kusan duk motar da ke kan titi yau, kashe inji a gangare neman rai ne. Man da za ka tsimi bai kai cikin kofin shayi ba. Na san akwai masu yi a cikinmu, na sha zama a motar haya zuwa Mubi na ji inji ya yi shiru. In kun ji haka ku yi magana, ko direban zai ji haushi.

Ga gwajin da Kawu ya koya mini, minti ɗaya ne, kowa zai iya a ƙofar gidansa. Mota a kashe, ka taka birki sau biyar ko shida har feda ta yi tauri. Ka riƙe ta a take, ka tayar da inji. In busta na aiki za ka ji feda ta ɗan nutse ƙarƙashin ƙafarka. In ba ta motsa ba, ko kana jin sssss duk lokacin da ka taka, ko inji na rawa yana neman mutuwa in ka riƙe birki, to ka nufi gareji kafin ka nufi kasuwa. Ka kuma leƙa tsakanin masta da tukunyar, in akwai jiƙar mai, masta na yoyo ciki, zai cinye robar. Ruwan omo kuwa, ni na yi, na ga abin da ya haifar, kada wani ya maimaita. Buhu goma sha biyu ma na daina. Sawu biyu nake yi.

Yaya ya karɓi makulli ran wata Asabar ya kai Inna dubiya Jimeta. Da suka dawo bai ce komai ba, sai da na tambaya. Ya ce, "Ba laifi. Amma ta yi laushi kamar motar mata." Inna ta ce ai shi ya sa ta ji daɗinta. Tsohuwar mastar na wanke ta da kananzir, na naɗe a tsumma, na sa a adakar Baba tare da lasisinsa da tsohuwar lambar Gongola.

Abu ɗaya ya rage mini. Na sayi silifas ƙarami shuɗi, yana cikin aljihun gaban mota har yanzu a ledarsa. Sau huɗu ina tsayawa a Hayin Gada bayan la'asar, na tambayi mai lemon, na tambayi masu keke, ba wanda ya san gidansu. Na san a cikinku akwai masu 'yan'uwa a Vinikilang da Bajabure. In wani ya taɓa jin labarin yarinyar da ta koma gida daga Islamiyya da takalmi ɗaya a hannu bara bayan kaka, ya same ni a masallacin unguwa bayan magariba, ko ya bar saƙo a gida. Ina so in ba ta takalminta, in kuma nemi gafarar iyayenta.